Jar Tukunya da Yashin Inna

Ba zan taɓa mantawa da yammacin wata Laraba ba, ranar da na tara mutanen layinmu a ƙofar gida, na kunna wuta da hannuna, wai don in nuna musu ni mutum ne mai tsari. Har yau idan na shiga banki ko asibiti na hango jar tukunyar kashe gobara rataye a bango, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in kau da kai kamar na haɗu da wanda ya san asirina.

Sana'ata gyaran injin ban-ruwa da janareta. Shekara goma sha biyu ina da shago a bakin titin da ya nufi Magama, manoman rani daga Daddara da Gangara, har da na ƙetaren boda, suna ɗauro injinansu a bayan babur su kawo mini. A can ne aka laƙaba mini suna Injiniya (ban taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma ban taɓa hana kowa kira ba). Ana nan sai mai shagon ya ce ɗansa zai buɗe wurin sayar da wayoyi, ya ba ni wata guda in kwashe. Ga kaka ta wuce, noman rani ya ƙarato, lokacin da kowane manomi yake tuna cewa injinsa yana tari. Na zaga Jibiya kaf, duk shagon da na tambaya an riga an mai da shi sito. Abu biyu suka rage mini. Ko in tafi Katsina in zama yaron shagon wani abokina da muka koyi aiki tare, in bar matata Saratu da yara da tsohuwa, ko in mayar da aikina garejin gidanmu.

Garejin na marigayi mahaifina ne. Direba ne, ya yi rayuwarsa tsakanin Jibiya da Maraɗi. Tun da ya rasu babu abin da ke ciki sai tsofaffin tayoyi, buhunan gyaɗar Inna, da kaji masu ganin gadonsu ne. Wuri ne mai faɗi, ga ƙofa ta bakin titi. Aibinsa ɗaya: bangonsa na gabas shi ne bangon ɗakin Inna.

Inna mahaifiyata ce, kuma ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. “Kai wanga,” shi ne sunana a bakinta tun ina yawo ba wando har na fara furfura. Da ƙannena tana hira har da shewa, ni kuwa magana uku ta yi yawa. Sana'arta suyar gyaɗa da yashi, ta fi shekara arba'in a kai. A hannunta na dama akwai tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwa, wanda kullum take jan gyale a kansa. Abin da na sani shi ne, ina jariri gidanmu na farko ya ƙone, saboda jarkokin fetur da Baba ya ajiye a zaure. In an tambaye ta tabon sai ta ce, “Tsautsayi ne,” ta ci gaba da juya gyaɗarta.

Da na durƙusa na kawo mata maganar gareji, ba ta ma bari na kai aya ba.

“Ba a shigo mini da hetur gida,” ta ce.

Na ce ai kaɗan ne, na gwajin inji. Ta ce wancan ma kaɗan aka ce. Na tashi da sanyin jiki, a raina kuwa ina cewa tsofaffi ba su san zamani ya ci gaba ba. Saratu ce ta yi ta bin ta da lallashi kwana huɗu, tana taya ta ɓarar gyaɗa, har ta samo mini ƙofa 'yar ƙarama. Inna ta ce, “In shina da abin da za shi kashe wuta in ta tashi, in gani da idona, sai mu yi magana.”

To jama'a, nan ne Injiniya ya motsa. Kwana uku na yi ina kallon bidiyo a waya, na gama katin Saratu bayan na gama nawa. Na gano ashe tukwanen kashe gobara iri-iri ne. Akwai ta ruwa, wadda in ka fesa wa fetur ka ƙara wa kanka aiki. Akwai mai iska mai baki kamar kakaki. Akwai kuma mai farin gari, wadda ita ce daidai da gareji, don tana kashe wutar fetur da ta lantarki da ta katako. Na haddace yadda ake duba mai kyau: allurar agogonta ta tsaya a kan kore, fil ɗinta yana nan da ɗaurinsa, tana da nauyi, kuma in ka kifa ta ka kara kunne za ka ji garin yana gangarawa a ciki. Na zama abin tsoro a gida. Saratu tana tuƙa tuwo ina tsaye a kanta ina bayanin rabe-raben gobara, har ta ce in ban matsa ba za a samu irin da ba ya cikin wayar.

Ranar Lahadi na hau babur na nufi wajen tashar Magama, wurin wani mai kayan mota da ake kira Mati. Shagonsa rumfar kwano ce, gabanta benci, direbobi biyar ko shida suna zaune suna shan shayi suna jiran layi. Tukwanen kashi biyu ne. A gaba, jere a rana, manya ne jajaye sai sheƙi suke. A can ciki kan kanta kuma wasu 'yan madaidaita ne a cikin leda, ƙura ta ɗan hau su. Na tambayi kuɗi. Na cikin sun ninka na wajen har da ɗoriya, alhali na wajen sun fi su girma. Nan take na yi murmushin mai wayo, na ce a raina ga tarkon da ake ɗana wa wanda bai yi bincike ba.

Na ɗauki mafi girma a cikin na gaba. Mati ya dube ni ya ce, “Mota ka saya, Injiniya?”

“Gareji zan buɗe a gida.”

“To ai wagga ta direbobi ce hwa. Ta hanya ce, ita ce suka…”

Na ɗaga masa hannu. (Wannan hannun, da zan iya komawa baya, da na sa shi a aljihu na ɗinke.) Na ce, “Malam Mati, ka bari in duba da kaina.”

Sai na fara aiki a gaban direbobi. Na duba allura, tana kan kore cak. Na taɓa fil, yana nan da ɗaurinsa. Na jinjina, nauyi kamar buhun gero ƙarami. Na kifa ta na kara kunne, na ji shaaa, abu yana gangarawa. Na ɗago na yi musu bayanin ma'anar kowanne, ba wanda ya tambaye ni. Wani direba mai jan rawani ya sa kofi a baki ya ƙware, na kusa da shi yana bubbuga masa baya yana kallon ƙasa. Ni a lokacin na ɗauka ilimina ne ya sarƙe shi.

Hujjata kuwa, in gaya muku gaskiya, har yanzu in na tuna ta sai in ga kamar tana da kai. Na ce mutanen nan kullum suna kan fetur, rayuwarsu a kan tanki take, in dai wannan suke saya, ai ita ce gwaninta. Ban taɓa mallakar mota ba, ban taɓa tsayawa a shingen jami'an hanya an ce in buɗe but ɗin mota ba, ina zan san abin da kowane kwandasta a Jibiya ya sani?

Mati, Allah ya saka masa, ya sake gwadawa. “Injiniya, ka tsaya in hwaɗa maka, in don gida ne…”

“Malam Mati,” na ce, “ni inji nake buɗewa in mayar. Ba yau na fara ganin ƙarfe ba.”

Ya kalli direbobin, suka kalle shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “To, Allah shi sa alheri. In ka ga ba ta yi ba ka maido, ina nan.”

Na ɗaure ta a bayan babur. Hanyar gida miƙaƙƙiya ce, amma sai da na bi ta cikin kasuwa, ranar kasuwa, ina tafiya a hankali ina amsa gaisuwa.

A gida na dire ta a gaban Inna kamar na kawo kujerar Makka. Ta goge hannu, ta jawo ta, ta ɗan karkata ta, ta kai kunne. Ta sake karkatawa. Sannan ta ajiye ta ce, “Kai wanga, abin ga…”

“Inna, na duba komai. Sabon zamani ne, ba irin na da ba. Ranar Laraba zan kunna wuta a gabanki in kashe, ki gani da idonki kamar yadda kika ce.”

Ta dube ni na ɗan lokaci, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, “To.”

Da a ce na tsaya a nan, na gwada a tsakar gida daga ni sai iyalina, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma maƙwabta ma sun fara gunaguni a kan maganar fetur, sai na ga gara in rufe bakin kowa rana ɗaya. Na gayyaci Mai Unguwa. Na gayyaci Alhaji Sanda, tsohon direba, aminin Baba, wanda yanzu gwiwa ta zaunar da shi. Na gaya wa mai shayi, wanda daidai yake da sanarwa a rediyo. Bayan La'asar ƙofar gidanmu ta cika, maza a kan benci da tabarmi, mata suna leƙe ta zaure da saman katanga. Na sa farar shaddata ta Juma'a. Ku tambaye ni dalilin da mutum zai sa farar shadda don wasa da baƙin mai, ni ma ban sani ba.

Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba. Inna, wadda kullum a tsakar gida take suya, ranar ta fito da kujerarta bakin gareji. Gefenta ga manyan kwanoni biyu cike da yashin suyarta, ga wani buhun algarara a jiƙe sharkaf cikin baho. Na raɗa wa Saratu cewa tsohuwa ta ga taro za ta yi ciniki. Saratu ba ta yi dariya ba.

Na ajiye rabin duro a tsakiyar fili, na zuba baƙin mai, na kawo fetur. Da farko kofi ɗaya na yi niyya. Da na ɗago na ga yawan jama'a, sai na ga wutar kofi ɗaya ba za ta yi kwarjini ba, na ƙara, na kuma ƙarawa. Sannan na yi lacca. Na yi bayanin allura da fil. Na ɗaga yatsa na ce, “Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe. Duk rintsi, kada wanda ya kuskura ya zuba wa wutar fetur ruwa.” Sau uku na maimaita, har na sa suka amsa. Alhaji Sanda yana can baya, idonsa ba ya gani sosai, yana ta miƙa wuya yana tambayar na kusa da shi, “Wace iri ce ya sawo? Ku matso mini da ita in gani.” Na ce Alhaji ya yi haƙuri, yanzu zai ga aikinta.

Na ƙyasta ashana na jefa.

Ban san wuta tana da murya ba sai ranar. Ta yi wani bum, ta miƙe ta fi ni tsawo, zafin ya daki fuskata, na ji ƙaurin gashin girata. Benci na gaba ya watse. Duk da haka na dake, na ɗauki tukunya, na zare fil da salo kamar yadda na gani a bidiyo, na saita tiyo a gindin wutar, na ce, “Ku duba!” Na matsa.

Babu abin da ya fito.

Na sake matsawa da hannu biyu. Ko tsaki ba ta yi ba. Na girgiza ta, na ji shaaa ɗin nan nawa mai daɗi, na matsa, shiru. Na buga gindinta da ƙasa. Na leƙa bakin tiyon da ido (wannan ma ba ya cikin bidiyo). Sai iska ta juyo, harshen wutar ya kwanta ya nufi gareji, inda tayoyin Baba suke jingine, ga rumfar zana a sama, ga bangon ɗakin Inna a baya. Wata mata a kan katanga ta fasa salati.

Abin da ya biyo baya, da ba a gaban shaidu aka yi ba, da na musa. Na yar da tukunyar. Na waiga na ga bokitin ruwan alwalar da aka ajiye wa baƙi, na sure shi na yi kan wutar. Ni, mai lacca, mai sau uku. Kuma ina gudu bakina yana ihu da kansa, ba da izinina ba: “Wayyo Inna! Inna!”

Ban kai ga watsawa ba na ji an damƙe wuyan hannuna. Inna ce. Ban san tsohuwar nan tana da wannan ƙarfin ba. Ta ce, “Aje.” Na ajiye. Ta ɗauki kwanon yashi na farko ta juye a cikin duron daga gefe, ba gaggawa, kamar tana zuba gyaɗa. Ta miƙa hannu Saratu ta ba ta na biyu, ta juye. Wutar ta durƙusa. Ta jawo jiƙaƙƙen buhun ta shimfiɗa a bakin duron, ta danna gefe da gefe. Hayaƙi baƙi ya taso, ya yi fari, ya mutu. Gyalenta ya zame wajen aikin, tabon hannunta yana waje kowa yana gani, ba ta ko kula ba. Ta koma kujerarta ta zauna.

Ina tsaye, shaddata ta zama zanen hayaƙi, gira ɗaya ta tafi, takalmi ɗaya ban san inda yake ba. Na so ƙasa ta tsage, amma ƙasar Jibiya tauri gare ta.

Alhaji Sanda ne ya dogara sandarsa ya zo ya ɗauki tukunyar. Ya shafa fentin, ya ƙwanƙwasa agogon da farce, allurar ba ta motsa ba. Ya ce a ba shi sifana. Ya kwance kan, ya kifa ta. Yashi ya zubo, ja, mai laushi, irin na bakin gulbi, ya yi 'yar tsibi a gaban Mai Unguwa.

“Ɗana,” ya ce, “wa ya saishe ka ta shinge?”

Sai ya yi wa taron bayanin da rabinsu sun riga sun sani. Tsofaffin tukwane ne da suka ƙare, ake cika su da yashi don nauyi, a manne allurar a kan kore, a sa sabon fil, a fesa fenti. Direban da ba ya son sayen ta gaske ita yake jefawa a but, in an tsayar da shi a hanya an ce ina ta kashe wuta, ya nuna, a jinjina, a duba allura, a ce ya wuce. Wato duk abin da na kwana uku ina haddacewa, shi ne daidai abin da masu haɗa ta suka zauna suka shirya wa mai dubawa. Mati bai cuce ni ba. Sau biyu yana buɗe baki ina rufe masa.

Mai Unguwa ya yi ƙoƙari, Allah ya sani. Ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Mai shayi ne ya fasa, da ya ce, “Ashe dai da yashin ya zo, buɗewa ce bai iya ba!” Daga nan wurin ya ɓarke. Har wata murya na ji daga saman katanga tana kwaikwayon “Wayyo Inna,” da irin siririyar muryar da na rantse ba tawa ba ce, amma kowa ya ce ita ce.

Da jama'a suka watse na zauna a kan taya ina kallon tsibin yashin. Kunya ce ta cika ni, amma a ƙarƙashinta akwai baƙin ciki na gaske, don na san na kashe maganar gareji da hannuna. Na fara lissafin yadda zan gaya wa yara cewa Katsina zan koma, sai Juma'a Juma'a. Alhaji Sanda bai tafi ba. Ya zauna kusa da ni da ƙyar, ya miƙe ƙafar da ke ciwo.

“Ka san mi ya sa uwarka ta gane ta?” ya ce.

Na ce ai shekara arba'in tana juya yashi, dole ta san kukansa.

“Wannan guda ne. Na biyu, irinta ce cikin motar ubanka ranar da gidanku ya ci wuta. Ina wurin. Ya ɗauko da gudu, ya matsa, ba komi. Shi ma ya san ba komi, ruɗewa ce. Muna tsaye muna ihu, zaure ya kama, ba mai iya shiga. Kai kuwa kana ɗaka kana barci.” Ya murza gwiwa. “Ita ta jiƙa zane ta shiga. Ta hito da kai ƙarƙashin hannun hagu, na dama ta kare ka da shi. Ba ta taɓa hwaɗa maka ba ko? Ba za ta hwaɗa ba. Kai na hwari ne.”

Shekarata talatin da tara ina ganin tabon nan kullum, a kan kwanon tuwo, a kan kaskon gyaɗa, ban taɓa sanin nawa ba ne. Hawaye suka zubo mini, suka bi ta kan baƙin hayaƙin da ke fuskata, Alhaji Sanda ya yi kamar yana neman sandarsa.

Bayan Magariba na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Na ce ta yafe mini, na bar maganar gareji, zan tafi Katsina. Tana tankaɗe yashin da ta kwaso daga duron, tana ware wanda mai ya ɓata. Ba ta ɗago ba.

“Ka ɓata mini yashi kwano biyu,” ta ce.

Na ce zan kawo mata wani.

“Gobe da sahe ka kai ni wurin mai tukwanen.”

Haka aka yi. Na goya ta a babur har Magama, ni da gira ɗaya, direbobin benci suna gaishe ni da ladabin da ya fi zagi ciwo (labari ya riga mu isa, har da muryar). Mati ya taso da sauri ya ba ta kujera. Na buɗe baki zan fara maganar allura, ta ce, “Kai wanga, yi shiru.” Ta dubi Mati ta yi masa tambaya ɗaya tak.

“Wace ce ka aje gidanka, inda ɗiyanka ke kwana?”

Mati ya shiga ciki ya ɗauko 'yar madaidaiciyar nan ta cikin leda, mai farin gari, ya nuna mana hatimin kamfani da ranar da za ta daina aiki, ya ce in ranar ta zo a kawo a sake cika ta. Inna ta ce a kawo biyu. Ta sa aka kunna ɗan tsumma mai fetur a bayan rumfa, ta ce ni zan kashe. Na zare fil na matsa, farin gari ya fita da ƙarfi har na ja da baya, wutar ta mutu kafin in ƙifta ido. Direbobi suka yi mini tafi, ban san ko na yabo ba ne. Wadda aka gwada muka bar wa Mati ya cika, ɗayar muka taho da ita.

A hanya ta jero mini sharuɗɗanta daga bayan babur. Fetur ba zai kwana a gareji ba, na aikin yini kawai za a sayo. Tukunya a bakin ƙofa za a rataye ta, inda hannu zai kai ba sai an ratsa wuta ba. Bokitin yashi biyu, kullum a cike. Na ce na ji, na kuma ji. Da muka iso ƙofar gida na kasa haƙuri, na ce, “Inna, bayan abin da na yi jiya, me ya sa kika yarda?”

Ta sauka, ta gyara gyalenta a kan hannun dama.

“Ubanka bai taɓa tsoron wuta ba sai da ta ci gida. Kai jiya ka ji tsoronta, kowa ya ji ka ji.” Ta nufi zaure, sannan ta tsaya ba ta waigo ba. “Ka riƙe tsoron nan da kyau. Na shiga wuta sau guda saboda wani. Yanzu ƙahwahuna sun tsuhwa, ba ni iya ta biyu.”

Shekara uku ke nan ina aiki a garejin. Girar ta fito, sunan ne bai tafi ba, don har manoman ƙetare in sun kawo inji sai su ce a kai wurin Wayyo Inna, kuma ina amsawa. Jar tukunyar shingen tana nan na ajiye ta a kan kanta, ba kai, ina zuba kusoshi a ciki. Abin da na koya bai da yawa. In mai kaya ya ce maka “tsaya in faɗa maka,” ka tsaya. In kuma za ka gwada iliminka na waya, ka fara tabbatar da mahaifiyarka tana kusa da kwanon yashi.